Ranar da daɓen falona ya yi saɓa

Kwana 9 bayan na gama shafa wa katakon falona foliyuretan, wani ruwan shafi da ke bushewa ya zama fatar roba, na ja kujera zan zauna, sai na ga ƙafarta ta kwaso wani abu fari-fari shara-shara. Na durƙusa na sa farce, ya ɗago. Na ja a hankali, ya biyo ni kusan kamu guda, kamar saɓar maciji. Ƙarƙashinsa katakon na nan yadda na same shi, ko alamar ya sha wani abu babu. Aikin kwana 3, shafi 3, da warin da ya kore mu daga wannan ɓangaren gidan, duk ga shi na riƙe da yatsu biyu.

Daɓen irin na ƙananan katakai ne da ake jerawa kamar saƙa. Na gaje shi daga waɗanda suka zauna a gidan kafin mu, ya dushe, ya yi duhu a bakin ƙofa da inda ake yawan bi. Na share, na wanke, na bari ya bushe, na bi shi da samfefa sama-sama, na shafa. Tambaya ɗaya ce ban yi ba: me aka riƙa shafa wa wannan katako shekara da shekaru kafin zuwana?

Wani dattijo da ya tsufa a aikin daɓe ne ya ba ni amsa. Da ya shigo bai ko kalli wurin da ya saɓule ba. Ya wuce bayan ƙofa, inda buroshina bai kai ba, ya ciro farin tsumma, ya ɗiga masa man da ake tsinka fenti da shi, ya murza da ɗan yatsa. Tsumman ya fito ruwan ƙasa, yana danƙo. Ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, kaki ne. Babu abin da ke kama kaki sai kaki." Na ce, "Baba, ai na goge da samfefa." Ya nuna mini cewa samfefar da na bi da ita ɗumama kakin kawai ta yi, ta ƙara cusa shi cikin jijiyoyin katakon da tsakanin haɗe-haɗensa.

Tun daga ranar na daina kallon gwangwanin man daɓe ta fuskar sheƙin da aka zana a jikinsa. Abin da nake tambaya yanzu shi ne: idan ya tashi lalacewa, yaya yake lalacewa, kuma yaya ake gyara shi? Kowane irinsu zai lalace wata rana. Wani a hankali yake sirancewa, ka ƙara masa a wurin da ya ci, a wuce wurin. Wani kuma yakan daɗe yana riƙe, amma ranar da ya fashe sai an kwashe kayan ɗaki kaf an kankare shi daga bango zuwa bango.

Bari in fara da kakin, tunda shi ya jawo maganar, kuma shi na fi ƙauna. Kakin zuma kowa ya san shi. Yana da laushi, yana narkewa tsakanin digiri 62 zuwa 64 na salshiyos, kuma idan shi kaɗai aka shafa a ƙasa yakan yi danƙo ya riƙe ƙura. Saboda haka masu haɗa man daɓe suke gauraya shi da wani kaki mai tauri da ake kira karnuba. Wannan daga ganyen wata bishiya dangin giginya ake samunsa, wadda ke fitowa a arewa maso gabashin Burazil. Bishiyar tana lulluɓe ganyenta da shi ne don kada zafin rani ya tsotse mata ruwa. Akan yanko ganyen, a shanya, a karkaɗe garin da ke jikinsa, a narkar, a tace. Sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 kafin ya narke, shi ya sa rana ba ta saurin sassauta shi, kuma da shi ake goge jikin mota, har da ƙwayoyin magani ake lulluɓewa da shi. Amma shi kaɗai ya cika tauri, yana farfashewa, ba ya shafuwa. Na zuma ya kawo laushi, karnuba ya kawo ƙarfi da ƙyalli, wani lokaci a ƙara kakin da ake samu daga ɗanyen man fetur, irin na kyandir, sannan a jiƙa su duka da wani mai mai saurin tashi don su shafu. Warin da kake ji idan ka buɗe gwangwani na wannan man ne. Da ka shafa zai bi iska, ya bar kakin zalla.

Wannan sana'a tana da tarihi. Kamfanin S.C. Johnson, wanda kayan gogensa suka zagaya duniya, a 1886 ya fara a garin Racine na jihar Wiskonsin a Amurka, kuma da sayar da irin wannan daɓen katako na saƙa ya fara. Masu saye suna buƙatar abin da za su kula da daɓen da shi, sai kamfanin ya shiga haɗa kaki, har kakin ya zo ya fi katakon kasuwa.

Kuskuren da aka fi yi da kaki shi ne cikawa. Mutum yana ganin idan ya lafta da yawa zai fi kariya. Abin da ya kamata ya zauna a kan katako bai kai kaurin gashi ba, sauran duk datti yake tarawa. Yadda dattijon nan ya koya mini: ka ɗebi ɗan kaɗan, ka ƙulle shi cikin tsumman auduga mai laushi kamar ƙunshi, ka riƙa zagayawa da shi a kan katakon. Ɗumin hannunka da gugar su za su riƙa fito da shi ta ramukan yadin, daidai gwargwado. Ka yi wuri kaɗan, kamar faɗin tabarma, ka dakata. Za ka ga ya yi hazo-hazo, ya dushe. Ka ja yatsa a kai. Idan ya bar sawu mai maiƙo, da saura. Idan yatsan ya share hazon ya bar layi mai haske, lokaci ya yi. Sai ka ɗauki busasshen tsumma ka goge ta inda jijiyar katakon ta nufa. Da farko tsumman yana cijewa, kana jin yana ja. Can sai ka ji ya sake, ya fara zamewa da kansa, katakon ya ɗauki wani haske mai zurfi wanda kamar daga cikinsa yake fitowa. Na sha yi, kuma har yau wannan lokacin da tsumman ke sakewa yana faranta mini rai.

Kaki yana da nasa raunin, ba zan ɓoye ba. Ruwa idan ya kwana a kansa yakan bar farin tabo. Abu mai zafi yana narkar da shi. Yana son a sabunta shi sau ɗaya ko biyu a shekara, a wuraren da ake yawan bi ma fiye da haka. Kuma yana da santsi, musamman ga mai safa a ƙafa, don haka ba na yarda a sa shi a matakala ko a ɗakin tsoho ko tsohuwa. Ga mai yara ƙanana masu zubar da ruwa safe da yamma, kaki wahala ce, ya nemi wani abin.

Wani abin kuwa galibi foliyuretan ne, kuma duk da abin da ya faru da ni ba na zarginsa. Laifin na wurin da na ɗora shi ne. Otto Bayer da abokan aikinsa suka ƙirƙiro sinadarin a Jamus a 1937, kuma abin da yake yi a kan katako shi ne ya zama wata fata ta roba mai tauri, ruwa ba ya ratsa ta, takalmi ba ya saurin cinye ta. Iri biyu ne a kasuwa: wanda aka haɗa da mai, da wanda aka haɗa da ruwa. Mai mai yana da wari sosai, yakan so a bar shi ya kwana kafin a ƙara wani shafin, kuma yana rina katako ya koma ruwan zuma, yana ƙara duhu da shekaru. Mai ruwa kuma idan ka buɗe za ka gan shi fari kamar alli a ruwa, amma yana bushewa garai-garai, cikin awa 2 zuwa 4 ka iya ƙara shafi, kuma ba ya sauya wa katako launi sosai. Sai dai ruwan da ke cikinsa yana tayar da gashin katako, shafin farko ya bushe da kaushi, dole a bi shi da samfefa mai laushi kafin na biyu.

Abubuwa biyu ne ba a cika gaya wa mai saye ba. Na farko, irin wanda ba ya ƙyalli sosai, wani gari ne ake zuba masa mai warwatsa haske, kuma garin yana kwantawa a gindin gwangwani. Idan ba ka juya shi da sanda sosai ba, rabin ɗakinka zai yi ƙyalli, rabi ya dushe. Juyawa na ce, ban da girgizawa, don girgiza kumfa take tarawa, kumfan kuma ya bushe a ƙasa kamar ƙuraje. Na biyu, bushewa daban, ƙosawa daban. Washegari kana iya takawa, amma mai mai yakan kai kwana 30 kafin ya gama taurara. Wanda ya shimfiɗa darduma ko kafet a makon farko yakan ɗaga ya tarar da zanenta ya zauna daram.

Matsalarsa ita ce gyara. Idan ƙusa ta karce shi ta kai ga katako, ba ka iya cike wurin ya ɓace, kullum facin zai nuna. Dabarar ita ce kada a jira ya cinye. Da an ga ya fara dushewa a hanyar da ake bi, a karce fuskarsa sama-sama a ƙara shafi ɗaya. Kuma kada a kuskura a fesa masa man goge kujeru da tebura. Da yawansu akwai silikon a ciki, shi kuma silikon ya fi kaki naci. Sabon shafi idan ya hau kansa gudu yake yi, ya bar ƙananan ramuka zagaye-zagaye.

Kafin zuwan waɗannan, tsofaffin gidaje da yawa shelak aka shafa wa katakonsu. Wani ɗan ƙwaro ne a Indiya da Tailan yake fitar da shi a kan rassan bishiyoyi, a kankaro, a tace, a narkar cikin sinadarin alkohol. Da shi aka riƙa yin faifan garmaho kafin a koma na roba. Yana bushewa nan da nan, yana da kyau, kuma sabon shafi yana narkewa ya haɗe da tsoho, amma ruwa da amoniya da alkohol duk suna ɓata shi. Idan kana zargin shi ne a ɗakinka, ɗiga ɗan alkohol a lungu. In ya yi laushi ya yi danƙo, shi ne.

Ni dai daga ƙarshe mai na zaɓa, sannan kaki a kai. Dalilin kuwa, da muka ciro katako ɗaya da ya saki muka duba kaurinsa, sai muka ga an riga an sha kankare shi. Kowane kankara da inji yana cin kusan milimita guda, kuma ba katakon da ke da kaurin da ba ya ƙarewa. Mun yi masa guda ɗaya, daga samfefa mai lamba 40 zuwa 60 zuwa 100, na ƙudurta cewa in Allah ya yarda ita ce ta ƙarshe a hannuna. Mai, irin su man linsid da man tung da asalinsa daga Sin yake, waɗanda daga 'ya'yan tsirrai ake matso su, shiga cikin katako yake yi ya daskare a can. Babu fatar da za ta saɓule. Ka ji katakon da tafin ƙafarka, katako ne kake takawa.

A nan akwai maganar da nake roƙon duk mai karatu ya riƙe, ko da ya manta sauran. Irin wannan mai ba tashi yake yi ya bi iska ba. Haɗuwa yake yi da iskar da muke shaƙa ya taurara, kuma wannan haɗuwar tana fitar da zafi. A shimfiɗe a ƙasa zafin watsewa yake yi, ba ka ma jin sa. Amma tsumman da ya sha man, idan aka dunƙule shi aka jefa a kwandon shara, zafin ba shi da mafita, sai ya yi ta taruwa har ya kama da wuta, ba ashana ba tartsatsi. A watan Fabrairun 1991 haka ta faru a wani dogon bene mai hawa 38 a birnin Filadelfiya na Amurka, One Meridian Plaza. Tsummokaran da ma'aikata suka bari da man linsid a hawa na 22 suka kama. Wutar ta shafe kusan awa 19 tana ci, 'yan kwana-kwana 3 suka rasa rayukansu, ginin kuma daga baya rushe shi aka yi. Duk tsumman da na yi aiki da shi, ko dai in baje shi a waje ɗai-ɗai har ya bushe ƙarau, ko in nutsar da shi a ruwa cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi. Ba na kwana da shi a cikin gida.

Barandar gidan tarazo ce, wato daɓen tsakuwa a cikin siminti da ake gogewa ya yi sulɓi, ita ma ta zo da nata tarihin. Tsakiyarta ta dushe, gefen bango kuma ya yi rawaya mai kauri. An daɗe ana zuba mata irin farin ruwan nan da ake shafawa da mofa ya bushe yana ƙyalli ba tare da guga ba. Mutane suna kiransa kaki, amma yawancinsa robar akirilik ce a cikin ruwa. An yi shi ne don tayil ɗin roba irin na asibitoci da makarantu da manyan kantuna, inda akwai ma'aikata da injuna masu kula da shi a kai a kai. A can ana shafa shi siri-siri sau da yawa, a riƙa bin sa da injin goge, ƙarami mai juyi 175 a minti ko babba mai wuce 1,500, idan ya tsufa kuma a wanke shi gaba ɗaya da sinadari mai ƙarfi a sake sabo. Har soson injin launi-launi ne: baƙi na kankarewa, ja na gogewar yau da kullum, fari na fito da sheƙi. A gida kuwa shafawa kawai ake yi a kan na jiya, da dattin jiya a ƙarƙashi, shekara bayan shekara. Tsakiya ƙafa ta cinye, gefe ya yi ta taruwa.

Da yawan irin wannan ruwan an ɗaure ƙwayoyinsa da sinadarin zinki, yadda sabulun wanke ƙasa ba zai cire shi ba amma amoniya za ta kwance shi. Shi ya sa mai wanke ƙasa da abin da ke da amoniya yake ganin ƙyallinsa na gudu bai san dalili ba. Kuma tunda an ambaci amoniya: kada a taɓa haɗa ta da bilic a bokiti ɗaya. Iska mai guba suke fitarwa.

Da muka wanke robar nan, tarazon ya fito fari-fat amma ba haske. Na ɗauka wani man za a sake nema. Ashe dutse ba ya buƙatar aron ƙyalli, nasa na jikinsa. Tarazo tsakuwar mabul ce a cikin siminti, kuma abin da ke sa ta haske shi ne sulɓin fuskarta. Ana bin ta da inji mai faifan lu'ulu'u, ana zuba ruwa, daga mai kaushi lamba 50, zuwa 100, 200, 400, 800, har 1,500 ko 3,000 ga mai son ya ga fuskarsa. Kowane faifai yana share karcen wanda ya gabace shi ya bar nasa da ya fi ƙanƙanta. Na tsaya ina kallo lokacin da aka kai 800. Aka janye farin ruwan da ke kwance, sai ga tsakuwoyin sun fito da launinsu, kore da baƙi da ruwan hoda, waɗanda duk zamana a gidan ban san suna nan ba. Wanda ya tsallake lamba ɗaya don sauri zai ga karce ƙarƙashin hasken, kuma sai ya koma baya.

Abokin gabar mabul da tarazo shi ne duk wani abu mai tsami. Dutsen kalsiyam kabonet ne, asid yana cin sa nan take. Ruwan wanke masai, ruwan cire tsatsa, har ruwan khal da wasu ke ba da shawarar a wanke ƙasa da shi. Na taɓa ganin ɗigon ruwan wanke masai ya faɗi a bakin ƙofar bayi, yana tsiyayar ƙananan kumfa. Kafin in kawo tsumma ya bar fari mai kaushi daidai girman ɗigon. Irin wannan ba tabo ba ne da sabulu zai fitar, dutsen ne ya cinye, sai an sake gogewa. Garin neman gira an rasa ido.

Tayil mai gilashi a fuska ba ya son komai. Wanda aka gasa sosai ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa ba, to ina kaki zai shiga? Zama yake yi a sama ya yi maiƙo, ya kwashe sawun ƙafa, ya kayar da mutane. Ruwa da ɗan sabulu, a ɗauraye, a tsane. Layin siminti da ke tsakaninsu shi ne mai shan datti, shi ya cancanci a toshe.

Daɓen siminti kuma haƙuri yake so. Sabo sai ya yi aƙalla kwana 28 kafin a yi maganar fenti ko efoksi, wani shafi mai taurarewa kamar roba, kuma ko tsoho ne a gwada shi: a manna leda da salatif ta kowane gefe, a bar ta awa 16 ko fiye. Idan an ɗaga an ga raɓa ko wurin ya yi duhu, danshi na tasowa daga ƙasa, kuma duk fatar da aka shimfiɗa a kai kumbura za ta yi ta ɓare.

Duk waɗannan, da kakin da robar da dutsen, abu ɗaya ne yake cinye su, kuma a tafin takalmi yake shigowa. A ma'aunin taurin duwatsu da Bajamushe Friedrich Mohs ya tsara a 1812, lu'ulu'u na kan 10, ma'adinin da ya yi mabul na kan 3, ƙwayar yashi kuwa na kan 7. Ke nan kowane taku da yashi a ƙarƙashi samfefa ce ake ja a ƙasa. Na sa abin goge ƙafa biyu, ɗaya a waje ɗaya a ciki, na manna wa ƙafafun kujeru ɗan yadi mai kauri, ina sharewa kullum da tsintsiya mai laushi kafin in yarda ruwa ya taɓa ko'ina. Katakon kuwa tsumma mai ɗan danshi kawai yake gani, wanda aka matse har ba ya ɗiga.

Makon jiya aka ja akwatin ƙarfe a falon, ya bar farin layi mai tsawon taku biyu. Na ɗauko soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, na ɗan taɓa shi a kaki, na bi layin ta inda jijiyar katakon ta nufa. Na jira ya yi hazo, na gwada da yatsa, na goge da tsohon tsumman auduga har ya sake. Da yamma na kunna fitila na durƙusa ina neman wurin ta gefen haske, sai da na lissafa katakai daga ƙafar tebur kafin na gano inda yake.